Super 35, ful-firem ko sensar 2/3: wace kyamara ce ta dace da aikinka?

Duk wanda ya fita neman kyamarar aiki a 'yan shekarun nan, kalmar da za ta fara cika masa kunne ita ce ful-firem. Masu talla na faɗa, masu gwaji a YouTube na faɗa, har mutum ya ɗauka cewa duk kyamarar da sensarta ba ta kai wannan girman ba ta zama tsohon yayi. Ni ban yarda da wannan ba. Girman sensa yana da muhimmanci ƙwarai, amma ba ta hanyar da ake yawan nunawa ba. Shi ne ke yanke irin gilashin da za ka iya ɗaura wa kyamarar, da nauyin da za ka ɗauka, da kuma ko mutumin da kake ɗauka zai fito tar ko zai fito dishi-dishi.

Sensa ita ce 'yar farantin da ke cikin kyamara wadda haske ke sauka a kanta ya koma hoto, gilashi kuma shi ne abin da ke gaba yana tattaro hasken, wanda 'yan sana'a ke kira lens. Girma huɗu ne suka fi yawo a kyamarorin aiki. Ful-firem tana da faɗin milimita 36 da tsayin 24, girman da aka gada daga fim ɗin hoton kati. Super 35 tana da faɗin kusan milimita 25, kuma ita ce ma'aunin da aka daɗe ana ɗaukar fina-finan sinima da shi. Micro Four Thirds tana da 17.3 da 13. Sai 'yar autarsu, sensar 2/3 ta gidajen talabijin, wadda faɗinta 9.6 ne kawai, tsayinta 5.4. Idan aka yi lissafin fili a siffar allon talabijin, ful-firem ta ninka Super 35 kusan sau 2, ta kuma ninka 2/3 kusan sau 14.

Abin da wannan bambanci ke fara taɓawa shi ne faɗin abin da kyamara ke gani. Ɗauki gilashi mai milimita 50. A kan ful-firem yana ba da gani na tsaka-tsaki, kamar yadda ido ya saba. Mayar da shi kan Super 35, sai ya matse ya yi kamar mai 72 ko 75. A kan Micro Four Thirds ya zama kamar 100, a kan 2/3 kuwa ya doshi 200. Gilashin bai canja ba, sensar ce ke yankar tsakiyar hoton kawai. Saboda haka mai ƙaramar sensa dole ya nemi gilashi mai gajeren lamba idan yana son ganin ɗaki gaba ɗaya, kuma daga nan ne maganar zurfin fokos ke shigowa, wadda a wurina ita ce zuciyar wannan zaɓi.

Zurfin fokos shi ne tazarar da abubuwa ke fitowa tar a cikinta, daga gaba zuwa baya. Babbar sensa tana sa wannan tazara ta yi siriri, shi ya sa bayan mutum ke narkewa ya yi laushi, fuskarsa ta fito ita kaɗai. Wannan kamannin ne ya haukata duniya a 2008 lokacin da Canon ta fitar da EOS 5D Mark II, kyamarar hoton kati mai ful-firem da ke ɗaukar bidiyo. Kafin ita, mai ƙaramin ƙarfi ba shi da hanyar samun wannan laushin sai da dabaru masu wahala. Tun daga lokacin mutane da yawa suka ɗauka cewa narkakken baya shi ne sinima.

To amma a duba lambobin. Gilashi mai milimita 85 a kan ful-firem, an buɗe ƙofar haskensa zuwa f/1.4 (ƙaramar lambar f na nufin ƙofa a buɗe sosai), mutum yana zaune mita 2 daga kyamara: tazarar da za ta fito tar ba ta kai santimita 5 ba. Daga tsinin hanci zuwa kunne ya fi haka. Na taɓa ɗaukar hira da wani dattijo a irin wannan saitin, ni kaɗai, ba mai taya ni juya fokos. A ɗan ƙaramin allon kyamara komai ya yi kyau. Da na zauna tace aikin a babban allo, sai na ga duk sanda magana ta yi masa daɗi yakan sunkuyo gaba kaɗan, idanunsa su dushe, kunnensa da wuyan rigarsa su fito tar har ana iya ƙirga zaren ɗinki. Kuma daidai waɗannan wuraren ne ya faɗi abin da aka zo nema. Laifin ba na kyamara ba ne, nawa ne, don ni na buɗe gilashin har ƙarshe saboda kwaɗayin laushi. Da na rufe zuwa f/4, da tazarar ta kai kusan santimita 13, da dattijon ya sunkuya yadda ya ga dama.

A nan ne Super 35 ke da hujja. Laushin da f/4 ke bayarwa a ful-firem, kusan shi ne f/2.8 ke bayarwa a Super 35 idan an daidaita faɗin hoton. Bambancin mataki ɗaya ne kawai na ƙofar haske. Wato duk wanda ya ce Super 35 ba ta narkar da baya, bai gwada ta da gilashi mai kyau ba. Abin da take ba ka shi ne ɗan sarari na kuskure, kuma wannan sararin yana da daraja ranar da ɗan wasa ke tafiya yana magana. Ba banza ba ARRI, mai ƙera kyamarorin sinima, bayan ta fitar da manyan sensoci a Alexa LF a 2018 da Alexa Mini LF a 2019, ta dawo a 2022 ta sa sabuwar fasaharta a cikin Alexa 35, wadda sensarta Super 35 ce. Kamfanin da manyan masu ɗaukar fim suka fi amincewa da shi bai ga wannan girman a matsayin abin da ya wuce ba.

Ita kuwa 2/3 wani gida ne daban. A irin wancan zama na hira, da faɗin hoto iri ɗaya, f/2.8 a kanta yana ba da tazara sama da santimita 30, kamar f/11 a ful-firem. Mai neman laushi zai ce wannan aibi ne. Mai ɗaukar ƙwallon ƙafa kai tsaye zai ce rahama ce, don ɗan wasa na gudu yana nufo shi, ba kuma damar cewa a sake.

Sannan ƙaramar sensa tana ba da damar gina gilashin zum, mai matso da abu ko nesanta shi, da babbar ba za ta taɓa samu ba. Gilashin ɗan jarida na 2/3 mai ninki 20 ko fiye, da injin zum a jikinsa, nauyinsa kusan kilo 2 ne, ana saɓa shi a kafaɗa yini guda. Manyan akwatunan gilashi da ake gani a gefen filin wasa sun wuce nan: Canon tana da wanda ke tafiya daga milimita 8.2 zuwa 1000, ninki 122, nauyinsa sama da kilo 20. A lissafin ful-firem ƙarshensa ya doshi milimita 3900. Daga ganin filin gaba ɗaya zuwa gumin da ke goshin mai tsaron gida, da danna yatsa ɗaya. Kwatanta da ɓangaren sinima: sanannen zum ɗin Angénieux Optimo mai 24 zuwa 290 na Super 35 ninki 12 kawai yake yi, amma ya kai kilo 11. Duk sanda sensa ta ƙara girma, da'irar hoton da gilashi zai rufe ta ƙaru, gilashin ya ƙara kauri da nauyi, ko kuma zum ɗinsa ya gajarta. Ful-firem tana buƙatar da'ira mai kusan milimita 43, Super 35 kusan 30, 2/3 kuwa 11.

Akwai kuma wani bambanci a ciki wanda ba a cika faɗa ba. Kyamarorin talabijin na 2/3 yawanci sensa uku suke da ita, da wani gilashi mai raba haske a tsakani: ja ya tafi nan, kore can, shuɗi can. Kowane ɗigo na hoton yana samun launukan uku cikakku. Kyamarorin sinima kuwa sensa ɗaya ce, an lulluɓe ta da ƙananan matatai masu launi bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976: rabin fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, kore, kashi ɗaya cikin huɗu ja, kashi ɗaya cikin huɗu shuɗi. Sauran launin kwamfutar kyamara ce ke ƙiyasta shi daga maƙwabta. Shi ya sa sensar 6K (kowace K kusan fiksel dubu ce a faɗin hoto) da aka matse hotonta zuwa 4K kan fi tsafta a gefen abubuwa da ƙananan zane-zane fiye da wadda fiksel ɗinta 4K ne cif.

Wannan ya kawo mu kan tseren lambobin K, wanda zan wuce da sauri don an ba shi girman da bai kai ba. Hoton 4K na talabijin fiksel 3840 ne a 2160, wajen miliyan 8.3. Alexa ta farko da ta fito a 2010 ba ta kai 4K ba, faɗinta 2880 ne, amma ta yi shekaru tana mulkin sinima saboda launin fata da yadda take riƙe haske. Inda lambar ke da tasiri na gaske shi ne idan mai ba ka aiki ya gindaya sharaɗi. Netflix, alal misali, tana neman sensa mai faɗin fiksel 3840 aƙalla a ayyukan da take ɗaukar nauyi, kuma wannan ne ya hana tsofaffin Alexa shiga jerinta. In ba irin wannan sharaɗin ba, 8K na nufin katin ajiya ya cika da wuri, kwamfutar tacewa ta yi ta nishi. Amfaninta na zahiri shi ne damar yanke hoto ko daidaita girgiza ba tare da an rasa tsafta ba.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da ido ke gani nan take shi ne tazarar haske da duhu da sensa ke iya riƙewa a lokaci guda. Mutum yana zaune a ɗaki, taga a bayansa, rana ta take. Sensa mai rauni dole ta zaɓa: ko fuskar ta yi baƙi, ko tagar ta ƙone ta zama farar takarda. Ana auna wannan da mataki, kowane mataki ninkin haske ne. ARRI ta ba Alexa ta farko mataki 14, Alexa 35 kuma 17. Sirrin yana cikin yadda ake karanta kowane fiksel ta hanya biyu a lokaci ɗaya, ɗaya don wuraren haske, ɗaya don inuwa, sannan a haɗa. Canon ta bi irin wannan hanya a sensar da ta sa wa C300 Mark III da C70 a 2020, dukansu Super 35. Sai dai a yi hattara da lambobin da kamfanoni ke bugawa, domin kowa da yadda yake ƙirga matakan ƙarshe na cikin duhu, waɗanda sau da yawa ɗige-ɗige ya riga ya cinye su.

Kada a rikita wannan da ISO mai tushe biyu, wanda wani abu ne daban; ISO ita ce lambar da ake ɗagawa don hoto ya ƙara haske a wuri mai duhu. Shi wannan kamar giya biyu ne a mota: kyamara tana da wuri biyu da hotonta ya fi tsafta, ka zaɓi ɗaya. Panasonic ta shahara da shi a Varicam 35 mai 800 da 5000. Sony Venice ta 2017 tana da 500 da 2500, Venice 2 kuma 800 da 3200. FX6 da FX3 na Sony, masu ful-firem, suna da 800 da 12800, kuma a nan ne ful-firem ke cin gasa ba gardama. Sensarsu fiksel ɗinta kaɗan ne, wajen miliyan 12 a FX3, a kan fili mai faɗi, don haka tana tattara haske mai yawa. Mai ɗaukar labarin gaskiya da dare, a titi ko cikin ɗakin da ba damar kunna fitila, zai ga bambancin da idonsa. 'Yar uwarsu FX30 mai Super 35 tushenta na biyu 2500 ne. Ga wanda yake da fitilu da lokacin jera su, wannan fifikon ba ya ƙara masa komai.

Saura maganar shota, wato yadda sensa ke kama hasken kowane firem na hoto. Tsofaffin sensocin CCD, waɗanda Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro a Bell Labs a 1969, a kyamarorin bidiyo suna ɗaukar hoton gaba ɗaya a lokaci guda, sai dai fitila mai ƙarfi kan ja musu dogon layin haske daga sama zuwa ƙasa. CMOS da ta maye gurbinsu, wadda aikin Eric Fossum a wani ɗakin binciken NASA ya buɗe mata hanya a shekarun 1990, yawanci layi-layi take karantawa daga sama. Kafin ta kai ƙasa, abin da ke motsi ya riga ya gusa. Juya kyamara da sauri, sai ka ga turakun lantarki sun karkace, farfelar jirgi ta lanƙwashe, walƙiyar filashin masu hoto ta haska rabin allo ta bar rabi. Sensa mai girma da fiksel masu yawa ta fi fuskantar wannan, sai in an gina ta da saurin karatu. Maganin shi ne shota mai ɗaukar komai lokaci guda, kuma ta dawo: Sony ta sa ta a kyamarar situdiyo HDC-3500, RED ta sa ta a Komodo a 2020, sannan Sony a9 III ta kawo ta ful-firem a ƙarshen 2023. Ba kyauta take zuwa ba, don takan ɗan ci daga tazarar haske da duhu.  Mai ɗaukar wasanni, tseren motoci, taron 'yan jarida mai filashi ko aikin da za a haɗa da zanen kwamfuta ya dace ya neme ta. Mai hira a kan kujera ba ruwansa.

Yanzu gilashin kansa, wanda ni a ganina da shi ya kamata a fara lissafi. Kyamara takan tsufa cikin 'yan shekaru, gilashi mai kyau kuwa yana ganin kyamarori uku ko huɗu sun zo sun wuce.

Zaɓin farko shi ne tsakanin gilashin hoton kati da na sinima. Na kati ba shi da nauyi, yana da fokos mai sarrafa kansa, wanda a kyamarorin Sony da Canon na yanzu yana bin ido da kyau sosai. Ga mai aiki shi kaɗai, musamman a ful-firem, wannan ne ke ceton sa daga irin abin da ya same ni. Amma yana da halaye uku masu ban haushi a bidiyo. Zoben fokos ɗinsa gajere ne, a wasu ma ba ya tsayawa a ƙarshe, don haka ba ka iya sa alama ka koma daidai inda kake. Yana numfashi, wato idan ka mayar da fokos daga gaba zuwa baya sai hoton ya ɗan kumbura ko ya tsuke. Sannan yawancin zum ɗinsa suna sakin fokos idan ka matso ko ka ja baya ana cikin ɗauka. Gilashin sinima an gina shi ne don kawar da waɗannan: zobensa na juyawa kusan digiri 300, da haƙora a jiki don injin juya fokos, kuma 'yan gida ɗaya kamar jerin CP.3 na Zeiss ko S4 na Cooke launinsu ɗaya, wurin zobensu ɗaya, ana canja su ba tare da an sake saita komai ba. Lambar da ke jikinsa T ce maimakon f. Ita f lissafin girman ƙofa ce kawai, T kuwa hasken da ya ratsa gilashin da gaske ne, shi ya sa T2.8 a gilashi biyu daban ke ba da haske iri ɗaya. Sharaɗinsa dai shi ne a samu mutum na biyu mai juya fokos. Wanda ya ɗaura gilashin sinima a ful-firem yana aiki shi kaɗai da abin da ke motsi, ya ɗauko wa kansa dala ba gammo.

Akwai 'yan tsakiya da suka cancanci a san su: zum ɗin Super 35 masu inji irin na 'yan jarida, kamar Canon 17 zuwa 120 da Fujinon Cabrio 19 zuwa 90. Ga mai shirin gaskiya da ke son kamannin sinima amma ba ya iya tsayar da rayuwa ya canja gilashi, wannan ajin shi kaɗai ya isa dalilin zama a Super 35.

Sai bakin da gilashi ke shiga. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kowane baki yana da tazararsa zuwa sensa, kuma gilashin da aka yi wa doguwar tazara yana hawa kyamara mai gajeriyar tazara ta hanyar adafta, amma ba a yin akasin haka. Bakin PL na sinima milimita 52 ne, EF na Canon 44, RF da L 20, E na Sony 18, Z na Nikon 16. Ke nan kyamara mai bakin E ko RF tana karɓar gilasan PL da EF, kyamara mai bakin EF kuwa ba za ta taɓa karɓar na E ba. A kula kuma da da'irar hoto. Gilashin ful-firem yana aiki lafiya a Super 35, amma na Super 35 a ful-firem yakan bar baƙin duhu a kusurwoyi, sai an sa kyamarar ta yanke zuwa tsakiya. Idan ta yanke kuma, a tabbatar fiksel ɗin da ya rage ya isa: sensar FX3 ba ta da isasshen da za ta ba da 4K a yankin Super 35, alhali masu 6K da 8K suna da sarari.

Wani ƙaramin abu da kan raba kyamarar aiki da ta sha'awa shi ne filtar rage haske ta ciki. Bidiyo mai firem 25 a daƙiƙa yana son shota ta tsaya a 1/50 don motsi ya yi daidai da ido, saboda haka da rana ba ka da hanyar rage haske sai rufe gilashi ko sa filta. In ka rufe zuwa f/16 ka zubar da laushin da ka sayi babbar sensa dominsa. FX6 tana da filtar ciki mai tafiya a hankali daga 1/4 zuwa 1/128, C70 ma tana da tata. FX3 da yawancin masu siffar kyamarar kati ba su da ita, sai ka riƙa ɗaura ta a gaban kowane gilashi.

In aka tambaye ni, ga yadda nake rabawa. Mai watsa shiri kai tsaye, wasanni, labarai ko babban taro da kyamarori da yawa ya tsaya a 2/3, don dogon zum da faɗin fokos su ne aikin. Mai fim ko talla da ke da mai juya fokos da fitilu zai iya ɗaukar Super 35 ko ful-firem, amma Super 35 ta fi yawan gilasai, tsofaffi da sababbi, har da na anamofik masu matse hoto sau 2 don faffaɗan allo. Ful-firem zan ba shi ne idan labarin yana son faffaɗan gani haɗe da narkakken baya, ko ana aiki a matsattsen ɗaki. Mai aiki shi kaɗai a wurare masu ƙarancin haske ya ɗauki ful-firem mai fokos mai sarrafa kansa, ya kuma hori kansa da zama a f/2.8 ko f/4. Micro Four Thirds, irin su GH5 ta Panasonic da Pocket 4K ta Blackmagic, ta dace da mai yawan tafiya da ke son jakarsa ta yi sauƙi, muddin ba dare ne yawancin aikinsa ba.

Kafin ka yanke, ari kyamarorin biyu da suka rage maka na yini ɗaya, kowace da gilashin da za ka yi aiki da shi da gaske. Zaunar da mutum a gaban taga da rana tsaka, ka ce ya taso ya nufo ka yana magana. Juya kyamarar da sauri a gaban ƙarafan shinge. Da magariba ka sake ɗauka ba fitila. Sannan ka kalli duka a babban allo, ka duba idanun mutumin a kowane taku.